DARASI: Makarantar Gwamnati A Lokacin Annoba, Wa Ya Ɗauki Nauyin?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ilimi da ma'abotansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yar'uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi makarantar gwamnati, wato wadda yawancinmu muke tura 'ya'yanmu kowace safiya. Za mu duba halin ƙuncin kuɗi da ta shiga a lokacin annobar korona ta shekarar 2020, mu ga daga ina matsalar ta taso, a kan wa ta sauka, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu iyaye mata. Mun ɗauki misalinmu daga birnin Zariya, musamman unguwannin cikin ganuwa irin su Ƙofar Jatau, amma in ke 'yar Kano ce ko Katsina ko Sakkwato, za ki ga labarin kusan ɗaya ne.

Wataƙila ki ce, haba, korona kuma? Ai ta wuce. Gaskiya ne, tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye ta daga matsayin annobar gaggawa. To amma yaron da yake aji ɗaya a firamare a 2020 yanzu ya kai matakin sakandare, kuma ramin da aka bari a karatunsa yana nan tare da shi. Sannan annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, mun ga yadda Ebola ta jinkirta komawa makaranta a 2014, kuma sanƙarau da kwalara ba su daina leƙo mu ba. Wanda bai yi karatun jiya ba, gobe ma haka za ta same shi.

TUNA BAYA: ABIN DA YA FARU

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya, a Legas. Ba a cika wata guda ba, ranar 23 ga Maris, aka rufe makarantu a Jihar Kaduna da sauran jihohin Arewa maso Yamma, da niyyar kwana 30 kawai. Kwana uku bayan haka aka sa dokar kulle ta ba shiga ba fita a jihar, wadda ta ɗauki kwana 75 kafin a sassauta ta a watan Yuni. A cikinta muka yi azumi, a cikinta muka yi ƙaramar Sallah, babu Idi, babu hawa.

Kwana 30 ɗin nan sai ya zama watanni. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare ne suka fara komawa a watan Agusta, domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. A Oktoba aka soma buɗe wa sauran kashi-kashi. Ana cewa an samu sa'ida, sai cutar ta sake tasowa, aka sake rufe makarantun jihar ranar 16 ga Disamba. Sai a farkon 2021 aka koma buɗewa, nan ma aji-aji. Akwai yaran da suka yi kusan shekara guda rabonsu da ganin allo. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya, domin a 2021 ɗin ne satar ɗalibai ta tsananta a jihar, har ta taɓa Kwalejin Nuhu Bamalli da ke nan Zariya a watan Yuni, kuma aka sake ɗage komawa makaranta saboda tsaro.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar UNESCO ta ce a lokacin da abin ya yi tsanani, ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne suke zaune a gida a ƙasashe fiye da 190. Bambancin shi ne, wasu ƙasashen annobar ta same su da tanadi, mu kuwa ta same mu da yara kimanin miliyan 10.5 da dama can ba sa zuwa makaranta, bisa ƙiyasin UNICEF.

DAGA INA KUƊIN MAKARANTAR GWAMNATI KE FITOWA?

'Yar'uwa, ki natsu a nan, domin shi ne ginshiƙin darasin. Da yawanmu in an ce "makarantar gwamnati" sai mu ɗauka akwai wata rijiyar kuɗi da ba ta ƙafewa. Ba haka ba ne. Hanyoyin kaɗan ne, kuma ana iya ƙirga su.

Ta farko ita ce albashin malamai. Malamin firamare a unguwarku, albashinsa daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, ana biyansa ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Malamin babbar sakandare kuma gwamnatin jiha ce ke biyansa. Ita ƙaramar hukumar da jihar, mafi yawan abin da suke samu daga rabon arzikin ƙasa ne da ake yi a Abuja kowane wata, sai harajin cikin gida.

Ta biyu ita ce kuɗin gini da gyara da kayan aiki. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Amma akwai sharaɗi: kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine, sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta. In ta kawo naira ɗaya, a ba ta naira ɗaya. In ba ta kawo ba, kuɗin su yi ta kwanciya a Abuja. Shi ya sa ake yawan jin cewa biliyoyin naira suna jibge a can jihohi ba su karɓa ba, alhali yara na zaune a ƙasa.

Ta uku ita ce tallafin waje, daga irin su Bankin Duniya da UNICEF. Wannan taimako ne mai wa'adi, ba abin da za a jingina da shi ba ne har abada.

Ta huɗu kuwa, wadda ba a rubuta ta a kasafin kowa ba, ita ce aljihunki. Yunifom, takalmi, littafin rubutu, fensir, tsintsiya, kuɗin tara. "Kyauta" da aka ce, kuɗin makaranta aka ɗauke, sauran na gida ne. Sai kuma aljihun hedimasta da malamai, waɗanda sau da yawa su ke sayen alli in ya ƙare.

To kin ga hanya ta ɗaya da ta biyu duk tushensu ɗaya, wato asusun tarayya, shi kuma a wancan lokaci ƙarfinsa ya dogara ne ƙwarai ga ɗanyen mai. Ashe ke nan allin da ake rubutu da shi a Ƙofar Jatau yana da alaƙa da farashin gangar mai a kasuwar duniya.

YADDA ANNOBA TA TOSHE HANYOYIN

Da duniya ta shiga kulle, jirage suka daina tashi, masana'antu suka tsaya, sai mai ya rasa mai saye. Ranar 20 ga Afrilu 2020 a Amurka, farashin wani nau'in ɗanyen mai ya faɗi har ƙasa da sifili, ma'ana mai kaya ne ke biya a kwashe masa. Nijeriya ta gina kasafinta na 2020 a kan dala 57 kowace ganga, dole ta sake lissafi a kan dala 28. A daftarin gyaran da aka gabatar, kason ilimin bai-ɗaya ya sauko daga kusan naira biliyan 111 zuwa kusan biliyan 51. Ki lura, ba sai wani ya ƙi ilimi ba. Tunda kason kashi 2 ne na abin da ya shigo, in tuwon ya ragu, lomar ma ta ragu.

Jihar Kaduna ma ta rage kasafinta na shekarar daga kusan naira biliyan 259 zuwa kusan biliyan 223. A watan Afrilu ta sanar da cire kashi 25 cikin 100 daga albashin ma'aikatan da ke karɓar naira 67,000 zuwa sama bayan haraji, domin tallafa wa marasa ƙarfi a lokacin kulle. Abin da ya rage a baitulmali kuma dole a fara da asibiti da cibiyoyin killace marasa lafiya da abincin tallafi. A irin wannan hali, abin da ake fara jinginewa shi ne gyaran aji da sayen benci, domin aji ba ya zanga-zanga.

Kuma kada ki manta, annobar ta sami makarantun jihar a cike maƙil. Bayan da aka fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, gwamnatin jihar ta bayyana cewa yawan yaran da ke rajista ya tashi daga kimanin miliyan 1.1 zuwa kimanin miliyan 2.1. Abin farin ciki ne, amma azuzuwa ba su ninku kamar yadda yara suka ninku ba.

Hanya ta huɗu, wato aljihun iyaye, ita ta fi jin jiki. Zariya gari ne da ke ci daga makaranta. Jami'ar Ahmadu Bello ta kasance a rufe, ga annoba ga yajin aikin malaman jami'a da ya ɗauka daga Maris har zuwa Disamba 2020. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Nuhu Bamalli su ma a rufe. Ɗan acaba ya rasa fasinja, mai abinci ta rasa masu ci, kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada da na cikin birni ba a buɗe su sai a 'yan kwanakin da aka keɓe. Mace mai ɗinkin hula a cikin gida ta gama aiki babu dillalin da zai karɓa, ga Sallah ta zo babu hawa, babu biki, wa zai sayi sabuwar hula? Mai awara da mai ƙuli-ƙuli da ke jiran 'yan makaranta lokacin tara, su ma kasuwarsu ta mutu.

KUƊIN BUƊEWA YA FI NA RUFEWA

Wata za ta ce, to ai makaranta a rufe take, me aka kashe? 'Yar'uwa, ɗakin da aka rufe ma ci yake. Damina guda ta wuce a kan gine-ginen da babu mai leƙa su. Inda iska ta ɗaga kwano ɗaya, da hedimasta na nan da ya kira kafinta ya buga ƙusa. Da babu kowa, sai ruwa ya shiga, silin ya rufto, gara ta hau benci. A wurare da dama ɓata-gari sun cire ƙofofi da tagogi, makarantar da ba ta da katanga ta zama makiyayar awaki da bayan gidan unguwa.

Ga kuma sharuɗɗan buɗewa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a watan Yuli 2020: a yi feshi, a tanadi ruwa da sabulu, a sami na'urar auna zafin jiki, kowa ya sa takunkumi, a ba da tazara tsakanin yara. Sharuɗɗa ne masu kyau, amma kowane ɗaya kuɗi ne. Yaya za a wanke hannu a makarantar da famfonta ya shekara bai kawo ruwa ba? Yaya za a ba da tazara a ajin da yara ke zaune gwiwa da gwiwa? Mafitar da aka samu ita ce raba yara, wasu da safe wasu da yamma. Sakamakonsa kowane yaro ya sami rabin lokacin karatu, malami kuma ya yi aiki biyu a kan albashi ɗaya.

Gwamnatin jihar ta yi ƙoƙari, ta fara koyarwa ta rediyo da talabijin a watan Afrilu 2020, musamman domin masu shirin jarrabawa. Amma ki duba gidanki. Rediyo na hannun maigida, batir na kuɗi, wutar lantarki sai an ga dama, wayar da ke shiga intanet ba kowane gida ba. 'Ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi a waya da malamin gida, ɗan talaka ya koma wasan ƙasa. Tazarar da ke tsakaninsu dama akwai ta, annoba ta ƙara mata faɗi.

A KAN WA NAUYIN YA SAUKA?

Na farko, yarinya mace. In gida ya shiga matsi, ita ake fara ɗora wa tire. A kulle ta fara talla "kafin a buɗe makaranta". Da aka buɗe, sai aka ga ɗan abin da take kawowa ya shiga lissafin cefane, cire shi ya yi wuya. Wata kuma aka ce tunda tana zaune a gida gara a ɗaura mata aure, ba tare da an yi maganar ci gaba da karatunta da mijin ba. An ga irin wannan a Saliyo lokacin Ebola, inda aka rufe makarantu kimanin wata tara, 'yan mata da yawa ba su koma ba.

Na biyu, malami. Na makarantar kuɗi ya fi shiga uku, domin inda iyaye ba su biya ba, mai makaranta ba shi da abin da zai biya shi, wasu watanni suka yi babu ko sisi. Wannan ma ya dawo kan makarantar gwamnati, domin iyayen da ƙarfinsu ya kasa sai suka maido 'ya'yansu can, aji ya ƙara cika.

Na uku, ɗalibin gaba da sakandare. A Afrilun 2021 gwamnatin jihar, tana kukan ƙarancin kuɗi, ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu. A tsakanin nan ne aka ƙara kuɗin manyan makarantun jihar, na Jami'ar Jihar Kaduna ya kai naira 150,000 mafi ƙaranci. Sai a Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage, na jami'ar ya koma 105,000, na Kwalejin Nuhu Bamalli ya sauko daga 100,000 zuwa 50,000. A shekara biyun da ke tsakani, gidan da ke da 'ya'ya biyu a makaranta da kuɗin mutum ɗaya, ke kin san wanda aka ce ya dakata.

Ba duka labarin ne baƙi ba. A watan Yuli 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na dala miliyan 500 domin karatun 'yan mata matasa a jihohi bakwai, har da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi. A cikinsa akwai gyaran makarantu ta hannun kwamitocin al'umma, da tallafin kuɗi ga iyalai marasa ƙarfi domin 'ya'yansu mata su zauna a aji. Amma ki sani, bashi ne mai sauƙin ruwa da ƙasa za ta biya. 'Ya'yan namu ne za su biya shi, saboda haka haƙƙinmu ne mu sa ido mu ga inda ya shiga.

ABIN DA ADDININMU YA KOYA MANA

Na ɗaya, ɗaukar matakin kariya daga annoba ba rashin tawakkali ba ne. Lokacin annobar Amwas a Sham, Sayyidina Umar (RA) ya kama hanya, da labari ya iske shi sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya tabbatar masa da cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudu. Saboda haka rufe makaranta don kare rai yana da asali. Abin tambaya shi ne tanadin da aka yi kafin rufewar.

Na biyu, tanadi. Ƙissar Annabi Yusufu (AS) ta isa darasi: shekara bakwai na yalwa aka tara, aka ci a shekara bakwai na fari. Wannan nasiha ce ga masu mulki, kuma nasiha ce gare ni da ke.

Na uku, karatu ba ya jiran yalwa. Bayan yaƙin Badar, Musulmi na cikin talauci a Madina, amma aka karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar fursunonin da ba su da kuɗi, kowane ɗaya yara goma. A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu ta shirya 'Yan Taru, jajis suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, babu kasafin Abuja, babu tallafin waje.

Na huɗu, wakafi. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa al'umma. Sayyidina Umar (RA) ya yi wakafi da gonarsa ta Khaibara. Mace ce, Faɗimatu al-Fihriyya, ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859 da dukiyar gadonta, ya zama cibiyar ilimin da ke raye har yau. Amfanin wakafi shi ne ba ya faɗuwa tare da farashin mai. A nan ki lura da wani hukunci: zakka tana da mutanenta guda takwas da aka ƙayyade, kuma mafi yawan malamai ba su ga a gina aji da ita ba. Amma ana iya ba wa matalauciyar uwa ko mai riƙon marayu mabuƙata, ita kuma ta yi wa yaran hidimar makaranta. Gini da rijiya da benci kuwa, sadaka da wakafi ne hanyarsu, kuma suna cikin sadaka mai gudana da ladanta ke bin mutum har kabari.

Na biyar, amana. Maganar nan da muke yi, "ai kayan gwamnati ne", kuskure ce babba. Dukiyar al'umma ce, kowane maraya a unguwa yana da haƙƙi a cikinta. In ɗanki ya shigo gida da katakon benci ko kwanon makaranta kika sa a murhu ko kika rufe kicin da shi, haƙƙin yara nawa kika ci? Wa za ki nema ya yafe miki?

TO ME ZA MU YI?

1. Ki san makarantar ɗanki. Ki shiga da ƙafarki ko da sau ɗaya a zango, da izinin maigida. Ki ga ajin, ki ga makewayi, ki ga ko akwai ruwa, ki gaisa da malama. Yarinyar da ta fara al'ada, in babu makewayi mai sutura da ruwa, sai ta riƙa fashin kwanaki kowane wata, daga nan ta bari gaba ɗaya.

2. Ki nemi kwamitin SBMC. Tun 2006 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa wannan kwamiti na al'umma, kuma akwai kujerun mata a cikinsa. Ta hannunsa wasu kuɗin gyara ke shigowa. In kujerar mata babu kowa, ko an rubuta suna ne kawai, reshenku ya tura wadda za ta iya magana da lissafi. A tambaya cikin ladabi: nawa ya shigo, me aka yi da shi, ina rasit?

3. Ku kafa asusun makaranta a wajen ta'alim. Ga misali don ki ga ƙarfinsa. In mata 40 suka zuba naira 200 kowane mako, an sami 8,000. A zango mai mako 13 ya zama 104,000. A raba shi biyu, rabi don buƙatar yau kamar yunifom ɗin marayu da sabulu da gyaran famfo, rabi a ajiye ba a taɓawa sai ranar tsanani. A sa mutum uku a kan kuɗin, a rubuta komai, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Adashin biki muna iyawa, wannan ma za mu iya.

4. Ku ƙirga yaran da ba su koma ba. Kowace unguwa an san gidajen. A je da hikima, ba da gori ba, domin yawanci babu ce ta jawo. Wadda aka aurar, a zauna da mijin da uwar mijin, a nemo mata ajin manya ko Islamiyyar matan aure mai haɗe da boko.

5. Ki gwada karatun ɗanki da kanki. Ki ba shi ɗan rubutun Hausa ya karanta miki, ki ba shi lissafin cefane. Kada lambar aji ta ruɗe ki, domin da yawa an ciyar da su gaba ne ba tare da sun cike abin da suka rasa ba. In kin ga rauni, a nemi wata ɗalibar kwalejin ilimi ko malama mai ritaya a unguwa ta riƙa tara su a zaure bayan la'asar, a riƙa yi mata ɗan ihsani.

6. Ku tunatar da masu hali. Attajiran birni da 'ya'yan unguwa da suka yi karatu a makarantar suka zama manya, a nuna musu cewa shago ɗaya da aka yi wakafinsa, kuɗin hayarsa na shiga makaranta duk shekara, ya fi rabon atamfa na rana ɗaya daɗewa.

7. Ki yi amfani da bakinki da ƙuri'arki. Taimakonmu cike giɓi ne, bai sauke wa hukuma nauyinta ba. In kansila ko ɗan majalisa ya zo neman goyon baya, ku tambaye shi ko jiha ta ajiye kasonta ta karɓo na UBEC, da kuma yaushe za a gyara makarantar unguwa. Ku rubuta takarda da sunan reshe, ku bi ta hannun mai unguwa da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A WAJEN TA'ALIM

1. Kawo hanyoyi huɗu da makarantar gwamnati ke samun kuɗi. Wacce ce ta fi shafarki?
2. Me ya haɗa faɗuwar farashin mai da gyaran aji a unguwarku?
3. Mene ne bambancin zakka da wakafi wajen taimaka wa makaranta?
4. 'Yan mata nawa kika sani da suka bar makaranta tun 2020? Wace hanya za a bi a maido da ko da ɗaya?
5. In aka wayi gari gobe an sake rufe makarantu wata shida, wane shiri gidanki da reshenku suke da shi?

Muna roƙon kowane reshe ya tattauna waɗannan tambayoyi, sakatariya ta rubuta abin da aka yanke, a aiko mana domin sauran 'yan'uwa su amfana.

Allah Ya kare mu daga annoba, ta fili da ta ɓoye. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin summa amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.